'Yan mata biyu, allura ɗaya: abin da ya faru a wani gida a Rigasa

A ƙarshen watan Mayun 2024 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ta iso Jihar Kaduna. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tun ranar 24 ga Oktoban 2023, aka fara da jihohi 15 da Abuja, cikinsu har da Kano, Jigawa da Bauchi. Kaduna ta faɗo cikin jihohi 21 na zango na biyu. Duk yarinyar da ke tsakanin shekara 9 zuwa 14 za a yi mata allura ɗaya a damtse, ba ko sisin kwabo. Ma'aikatan lafiya suka bi makarantu da unguwanni, aka kuma ajiye allurar a asibitocin sha-ka-tafi.

Dalilin gaggawar ba ɓoyayye ba ne. Ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 kuma suka rasu. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma cikin ire-irenta masu yawa, mai lamba 16 da mai lamba 18 su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Allurar da aka kawo, Gardasil, tana karewa daga waɗannan biyun, da kuma 6 da 11 masu fitar da tsiro a al'aura.

Wannan nazari a kan gida ɗaya ne a yankin Rigasa, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, wanda na sani ta aikin wayar da kan mata da nake yi a unguwa. Na sakaya sunaye. Na zaɓi gidan ne saboda bai yi kama da abin da aka saba faɗa kan masu ƙin allura ba, kuma ina ganin irinsa sun fi yawa a Kaduna fiye da yadda masu tsara shiri suke zato.

Gidan

Maigidan tela ne, ya haura arba'in, ya yi sakandare, kuma rediyo ba ta barin gefen kekensa. Matarsa ɗaya, mahaifiyarsa tana zaune tare da su. A cikin 'ya'yansa akwai mata biyu da shirin ya shafa: babbar tana da 14, saura 'yan watanni ta cika 15, ƙaramar tana da 10. Kowane yaro a gidan yana da tabon allurar tarin fuka a hannu, katunan rigakafinsu kuma suna nan a cikin wani gwangwani a ɗakin uwar. Lokacin da ƙyanda ta zaga unguwar, shi da kansa ya goya ƙaramin ɗansa a babur zuwa asibiti. Ke nan mutumin ba baƙon allura ba ne.

Labarin sabuwar allurar ya shigo gidan ne a jakar makaranta. An raba wa 'yan mata takarda da Turanci, aka ce a kai wa iyaye su sa hannu, masu allura na tafe. Kafin takardar ta isa hannunsa da dare, jita-jita ta riga ta. Babbar ta ji daga ƙawayenta cewa wadda aka yi wa ba za ta haihu ba. Shi kuma a wayarsa akwai saƙon murya na WhatsApp da wani ya tura wa majalisarsu, ana cewa a yi hattara, wani sabon salon ƙayyade iyali ne aka ɓullo da shi. Ya karanta takardar, ya ninke, ya ce ba za a yi wa 'ya'yansa ba. Ranar da masu allura suka je, yaran ba su leƙa makaranta ba.

Uwar tun farko tana so. Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta kai su asibiti ba da saninsa ba, tunda allura ɗaya ce, wa zai gane? Ta ƙi. Ina tare da ita a kan wannan. Yarinya 'yar goma ba ta riƙe sirri, kuma ranar da uba ya ji an yi wa 'yarsa allura a ɓoye, duk wani ma'aikacin lafiya da zai ƙwanƙwasa ƙofar nan gaba shi zai biya bashin.

Abin da uban yake tambaya

Da aka zauna da shi a zaure, sai ya bayyana ba shi da wata fatawa da yake riƙe da ita. Ya riga ya tambayi limamin masallacinsu, wanda ya tuna masa hadisin cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, sannan ya ce masa shi ba likita ba ne, ya nemi likitan da ya yarda da shi. Abin da ke ransa tambayoyi ne, kuma babu ko ɗaya da takardar makaranta ta amsa.

Ya fara da tarihi. Yana saurayi a 2003 lokacin da Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da allurar shan inna bisa zargin tana hana haihuwa, kuma ya san Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004. Ya kuma san labarin 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kuskure ne a yi wa irin wannan mutum musun abin da ya faru. Abin da za a iya nuna masa shi ne bambancin. Trovan sabon magani ne da ake gwadawa a tsakiyar annoba. Allurar HPV kuwa tun 2006 ake amfani da ita, an yi ɗaruruwan miliyoyinta a duniya, Malesiya ta fara yi wa 'yan matanta a makarantu tun 2010, Ruwanda tun 2011, Saudiyya ma tana yi. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Wani furotin ne da ake sarrafawa da yis, mai kama da ɓawon ƙwayar, don jiki ya gane ta tun kafin su haɗu. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai lura da lafiyar allurai ya duba zargin hana haihuwa, bai sami alaƙa ba. Abin da ke raba mace da haihuwa a wannan batu shi ne ciwon kansa, domin maganinsa kan kai ga cire mahaifa ko gashi da na'ura.

Sai ya zo kan kyauta. “Malama,” ya ce, “ranar da matata za ta haihu har safar hannu ni na saya. Zazzaɓi ya kama yaro, sai na biya gwaji, na biya magani. Sai wannan ce ake bin mu da ita har makaranta?” Amsar da ke akwai ita ce Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa ƙasashe da alluran rigakafi, ne ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin allurar, gwamnati na sa nata, UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suna tallafa wa aikin. Amsa ce ta gaskiya, amma ba ta share ƙorafinsa ba, kuma ban ga dalilin da za a yi kamar ta share ba. Mutumin da bai ga gwamnati ranar da yake neman ta ba, yana da hujjar tambaya ranar da ita ta zo neman sa.

Batun me ya sa mata kawai ya fi sauƙi. Allurar tana yi wa maza aiki, tana kare su daga tsiron al'aura da wasu nau'o'in sankara, kuma Amurka, Ostareliya da Ingila suna yi wa yara maza. Inda allurar da kuɗin suka yi kaɗan, ana fara wa da 'yan mata saboda a kansu ciwon ya fi yin ɓarna. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Tambayar da ta fi nauyi ita ya bari a ƙarshe, kuma bai faɗe ta kai tsaye ba. Ya ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar. To, 'yarsa mai shekara goma, mai zuwa Islamiyya safe da yamma, me ya haɗa ta da wannan? A fahimtarsa, sa hannu a takardar tamkar amincewa ne cewa yana tsammanin 'ya'yansa za su lalace. Ya fi son ya tsare tarbiyyarsu ya aurar da su cikin mutunci, wannan shi ne rigakafin da ya sani.

A nan ne nake ganin saƙon shirin ya gaza shi. Saboda kunya, yawancin bayanin da ya isa unguwanni ya tsaya a kan cewa allura ce ta kare sankara, aka yi shiru kan yadda ake kamuwa. Iyaye kuwa ba yara ba ne, sun ji sauran rabin daga waya, a mafi munin siga. Wanda aka ɓoye wa rabin magana, dole ya zargi rabin da aka faɗa masa. An yi masa bayani a zauren cewa ana yin allurar da wuri ne domin tana aiki kafin haɗuwa da ƙwayar, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma jikin yara ƙanana ya fi amsa ta. An ambata masa binciken Suwidin na 2020 a kan mata kusan miliyan 1.7, wanda ya nuna waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarin sankarar ya ragu musu da kusan kashi 88 cikin 100. Ya saurara da ladabi, ya ce zai yi tunani. Haka aka tashi, makon gangamin ya wuce.

Gwajin uwar

Abin da ya sauya lamarin ba daga wajen yaran ya zo ba. Bayan wasu watanni uwar ta je wani asibitin gwamnati awon yaronta na goye, ta tarar ana yi wa mata gwajin bakin mahaifa. Gwaji ne mai sauƙi: a shafa ruwan binega a wurin, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Ba ta jin ciwon komai, ta shiga layi ne kawai saboda ƙawarta ta shiga. Aka ga fari.

Ba sankara ba ce tukuna, matakin da ke gabanta ne. Yawancin waɗanda suka ɗauki HPV jikinsu kan kawar da ita cikin shekara biyu ba su ma sani ba. A wasu kuwa takan zauna, tana canza fatar bakin mahaifa a hankali, ta ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ko ƙasa da haka ga mai raunin garkuwar jiki. Wannan dogon lokaci shi ne damar da gwaji ke ba mace. An ce mata za a ƙona wurin da wata ƙaramar na'ura mai zafi, aikin 'yan mintuna, amma sai ta ƙaurace wa shimfiɗar miji kamar mako huɗu. Wannan sharaɗin ya sa dole maigida ya ji.

Ta faɗa masa bayan isha'i. “Malam, an yi mini gwaji a asibiti, sun ce sai ka zo.” Da ya ji sunan ƙwayar ya gane ita ce dai ta takardar makaranta. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya yi tambayar da kowace mace a irin wannan hali take tsoro: daga ina ta samo?

Wannan mata an aurar da ita tana da 17, daga gidan ubanta zuwa gidansa, ba ta san wani namiji ba. Surukarta ce ta fara tsaya mata. Da ta ji abin da ake ciki ta kira ɗanta ɗakinta ta ce masa yarinyar nan a gabanta ta girma a gidan, kada ya kuskura ya ɗora mata abin da Allah bai ɗora mata ba. Ya ce, “Inna, ban ce komai ba.” Ta ce shirun nasa ma magana ce, ya je asibiti ya ji.

Ya je. An yi sa'a wanda ya zauna da shi jami'in lafiya ne namiji, sa'ansa, suka rufe ƙofa. Ya gaya masa abin da ya kamata a ce kowane uba ya ji tun ranar farko. HPV ta yaɗu ƙwarai, mafi yawan mutanen da suka taɓa aure ko saduwa sukan haɗu da ita a wani lokaci. Namiji kan ɗauke ta ba alama, ba zafi, ba ƙaiƙayi, kuma ba a saba yi wa maza gwajinta ba. Babu mai iya cewa ga ranar da ta shigo ko ga wanda ya kawo ta. Sai ya tambaye shi ko wannan ce matarsa ta farko. Ba ita ba ce. Kafin ita ya auri wata bazawara, suka zauna shekara biyu suka rabu. Ita ma bazawarar tana da mijin farko, wanda yake da wasu matan. Jami'in bai ce masa daga nan ta fito ba, domin ba wanda ya isa ya tabbatar. Ya dai nuna masa cewa ga hanya a buɗe wadda babu zina ko ɗaya a cikinta, kowane mataki da sadaki da shaidu.

Wannan ne abin da na fi so masu karatu su tsaya a kai. A ƙasarmu ana aure, ana rabuwa, ana sake aure. Namiji na da mata biyu ko uku, bazawara ba ta daɗewa ba ta koma ɗaki ba. Duk halal ne. Amma ƙwayar cuta tana bin wannan hanyar kamar yadda take bin kowace. Uba na iya tsare 'yarsa har ranar da za a kai ta, ba zai iya sanin tarihin jikin angon ba, angon kansa bai sani ba. Tarbiyyar yarinya tana hannun iyayenta, abin da za ta tarar a gidan miji kuwa ba ya hannunsu. Da wannan aka fara gaya wa telan nan, a bakin namiji ɗan'uwansa, da harshensa, kafin takarda ta shiga jakar 'yarsa, ina kyautata zaton da bai ji allurar a matsayin zargi ba. Fargabar da wasu ke yi cewa allurar za ta buɗe wa yara ido ma an bincika ta a ƙasashe da dama, ba a ga ta canza halin waɗanda aka yi wa ba.

An yi wa uwar aikin, ta koma gida a ranar. Maigidan bai yi dogon jawabi ba. Bayan 'yan kwanaki ya ce mata ta shirya yaran.

Abin da ya rage

Lokacin sanyi ya riga ya shigo da suka je asibitin unguwa. Aka yi wa ƙaramar, aka zaunar da ita minti 15 kamar yadda ake yi don gudun jiri, aka rubuta mata kati. Hannun ya yi mata tsami kwana biyu, shi ke nan.

Babbar kuwa ta cika 15 tun kafin damina ta ɗauke. Ma'aikaciyar ta duba shekarunta ta ce shirin kyauta ya tsaya a kan 14, kuma allurar a lissafe take, ba ta da ikon ƙetare ƙa'ida. Uban ya roƙa, ta ba shi haƙuri. Ba na ganin laifinta. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin cikin yaran biyu babbar ce ta fi kusa da aure, ita ce ta fi buƙatar a yi mata da wuri, kuma ita ce jinkirin ya ci.

Idan aka bi lamarin daga farko, an yi asarar watannin ne a wurare da za a iya gyarawa. Saƙon ya bi ta hannun yarinya zuwa ga uba, a gidan da uba ne ke yanke hukunci, alhali akwai mai unguwa, akwai masallacin Juma'a, akwai ƙungiyar teloli da yake halarta. Darasin shan inna a Arewa shi ne aikin bai miƙe ba sai da sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, suka shigo ciki, kuma hedikwatar Jama'atu Nasril Islam a nan Kaduna take. Masu shiga gidaje yawancinmu mata ne, muna shawo kan uwa wadda dama ta yarda, mu bar uban da wayarsa. Sannan gwajin iyaye mata da allurar 'ya'yansu an raba su kamar ba ciwo ɗaya ake yaƙa ba, alhali burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2020 ya haɗa su: kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. A gidan nan gwajin uwa ne ya buɗe wa 'ya ƙofa, kuma bisa katari ya faru. Da ba ta bi ƙawarta layi ba, wataƙila sai bayan shekaru, jini ya ɓalle, a tura ta Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda mata da yawa ke isa bayan ciwon ya yi nisa.

Akwai kuma hatsarin da lamarin ya tono wanda ya kamata masu gwaji su shirya masa. Sakamakon da ya ceci wannan mata ya kusa jawo mata zargi a ɗakinta. Ta tsira saboda tana da suruka mai adalci da jami'in da ya san yadda ake magana da namiji. Ba kowace ke da su ba. Duk inda za a ce wa mace an ga alamar HPV, ya kamata a tanadi wanda zai zauna da mijinta.

Ta fuskar likitanci ƙofa ba ta rufe wa babbar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 15 zuwa 20 ma allura ɗaya ko biyu na yi musu amfani, kuma ana samunta da kuɗi a wasu asibitoci masu zaman kansu. Uban ya je ya tambayi farashi, ya dawo ya ce sai bayan ɗinkin sallah. Har lokacin wannan rubutu ba a yi mata ba. An fara turo masa manya kan maganar aurenta, ya ce sai ta gama sakandare. Uwar kuma an ba ta ranar komawa gwaji bayan shekara guda, ya ce shi zai kai ta.